Keken Ɗinkin Mama

Yagewar aljihun riga ce ta kai Malam shagon ɗinkin, ya tarar da wata budurwa a kan wani tsohon keken ɗinki. Falsafa yake koya wa 'yan ajin farko, kuma da barkwanci yake ɗura musu ita. A aji dariya har da riƙe ciki, amma in ya koma ɗakinsa daga shi sai ƙarar fanka. A tsaye yake cin abinci.

"In kika toshe ramin nan, ina ramin zai tafi?" ya tambaye ta.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ɗaya aljihun."

Daga ranar rigunansa suka shiga yagewa babu dalili. Ta sa masa suna Sarkin Tambaya, shi kuma Allurata yake ce mata.

Ranar da ya je gaida mahaifinta a shagon, tsoro ya sa bakinsa ya ƙi zama. Ya nuna keken ya ce, "Baba, an canza masa ƙafa, an canza bel, an canza katako. Anya shi ne kuwa? Ai sai a sake masa suna."

Ba wanda ya yi dariya. Dattijon ya miƙe ya fita.

Da yamma saƙonta ya shigo: "Keken Mama ne, Allah ya ji ƙanta. Tun rasuwarta Baba ke gyara shi da hannunsa. Ya ce ba zai ba mai wasa da komai 'yarsa ba. Ina kewarka, Sarkin Tambaya."

Malam ya ci gaba da ba ɗalibai dariya, ya dawo ya zauna da fankarsa. Bai taɓa jin ɗakin ya yi masa faɗi haka ba.

Daga ƙarshe ya koma. Ya tarar da Baba shi kaɗai yana ɗiga wa keken mai, ya durƙusa.

"Baba, ka yafe mini. Na daɗe ina yin tambayar nan a aji don a yi dariya, ban taɓa yi wa wanda take yi wa ciwo ba. Nata ne, ko me aka canza. Surutun nan nawa kuma, shirun ɗakina ne ya yi yawa."

Baba ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Na san irin shirun nan," ya ce. "Turo manyanka."

Ranar aure, bayan an sa albarka, dattijon ya riƙo hannunsa a bakin mota.

"To, Malam, ga tambaya. Ka canza mata gida, ka canza mata ɗaki. Ita ce, ko wata ce?"

Amarya ta yi dariya cikin hawaye. Malam bai yi ba.

"Ita ce, Baba. 'Yarka ce. Kullum za mu zo cin abincin rana, a zaune."