Fedar da Zarto Ya Ce Ya Ƙwato

Idan ka tambayi Zarto, zai gaya maka cewa a duk makaɗan jita shi kaɗai ne ya taɓa shaƙe aljani da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana kan jita bai ko kuskure tsirkiya ba. Zai buɗe maka kwalar riga ka ga tabon wuyansa. Zai miƙo ɗan yatsansa da ya karkace. Sannan ya nuna wata 'yar feda ta jita mai ruwan ƙasa a gaban ƙafarsa, ya ce ganimar yaƙi ce. Tabon gaskiya ne, yatsan ma haka. Sauran kuwa, ga yadda aka yi.

Ba don kafinta ne ake ce masa Zarto ba. Sautin jitarsa ne ya ja masa. Ya daɗe yana kiɗa a wuraren da in ba ka fasa wa mutane dodon kunne ba, ba su san ka zo ba. Sai ƙanin matarsa, mai ganga, ya yi masa hanya cikin ƙungiyar da ke kiɗa a ɗakin cin abinci na wani otal. Jaz suke yi, irin gauraye mai santsin nan da ake so ya bi ta bayan kunnen mutum yana tauna yana lumshe ido.

Shugaban ƙungiyar, mai busa saksofon, mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, irin wadda ta fi tsawa ciwo. Ya ja Zarto gefe ya ce masa duk sanda aka bar masa fili ya ja waƙa shi kaɗai, sai baƙi su ajiye cokali su fara neman ƙofa da ido. Shi sauti yake so mai kauri da ɗumi, wanda in an taɓa tsirkiya zai daɗe yana jan numfashi, da ɗan kaushi kaɗan a bakinsa kamar muryar wanda ya tashi daga barci. Ya ce ya je ya nemo feda, wato ɗan akwatin ƙarfen nan da mai jita ke takawa ya canza masa murya, irin wadda suke kira obadirayib. In kiɗan ƙarshen mako ya zo da zarto, to akwai wani mai jita da ke jiran kujerar.

Zarto ya yi dariya a gabansa. Da ya fito waje dariyar ta ƙi biyo shi. Wannan ne aiki na farko da matarsa ta yi alfahari da shi a gaban 'yan'uwanta.

Rana na gab da faɗuwa ya rataya jita ya nufi shagon wani tsoho mai gyaran kayan kiɗa. Shagon yana can bayan wani tsohon bene, sai ka bi dogon lungu, ka wuce masu ɗinki da suka riga suka rufe. Ciki warin ƙonanniyar dalma ne da tsohon kafet da fitsarin ɓera. Lasifikoki a jere har rufi, waɗansu an farke musu ciki. Ƙwan fitila ɗaya ne ke lilo a kan teburin aiki.

Mai gyara ya zaunar da shi a gaban wata amfilifaya, akwatin ƙara sauti mai haɗe da lasifika, ya fara sauko masa da fedodi daga kanta. Koriyar ta yi magana ta hanci kamar mai mura. Rawayar ta riƙa tsuwa kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Baƙar tana da kauri, amma sai ta haɗiye sautukan duka ta amayar da su a dunƙule. Zarto dai kowace ya samu sai ya murɗe ta zuwa ƙarshe, ya rafka wa tsirkiyoyi duka, ya ce kayan Baba duk sun tsufa kamar mai su.

Tsohon ya ce ba laifin turmi ba ne in mai daka ba ta da hankali.

A nan ne idon Zarto ya faɗa kan wata a can ƙuryar kanta, ita kaɗai. Ruwan ƙasa, fenti ya goge, ba sunan kamfani. A gefen mamurɗin da ke ƙara kaushi, kusa da farko-farko, akwai ɗigon jan farce. Wannan ba baƙon abu ba ne. Kowane mai jita yakan yi alama a inda ya sami sautin da yake so, don kada a taɓa masa.

Mai gyara ya daɗe kafin ya sauko da ita. Da tsumma ya riƙe ta.

"Wanda ya ɗiga wannan ba don daɗin kunne ya ɗiga ba," in ji shi. "Babu batir a ciki. Bari in karɓo a bakin titi. Ko na dawo, kada ka wuce ɗigon."

Zarto ya ce to, Baba. A ransa kuwa cewa ya yi yaushe aka taɓa ba mai jita feda bai murɗe ta ya ga iyakarta ba? Ai kamar a ba ka doki ne a ce kada ka sake masa linzami.

Takun tsohon ya yi nisa a lungun, ya ɓace. Hasken da ke shigowa ta ƙofa ya koma ja, sannan toka-toka.

Don dai kada ya zauna haka kawai, Zarto ya soka wayar jita a fedar, ya soka ɗaya zuwa amfilifaya. Ya taka.

'Yar fitilarta ta kawo ja.

Ya kamata ya tsaya a nan ya tambayi kansa. Bai tambaya ba, saboda ya riga ya taɓa tsirkiya, kuma abin da ya fito ya sa gashin hannunsa ya miƙe. Sautin nan ne. Kauri, ɗumi, ya fito a hankali ya tsaya a iska yana rawa kamar zuma a bakin cokali. Ya ja wata 'yar waƙa. Har ya hango mai saksofon yana sunkuyar da kai, ya hango matarsa a teburin gaba.

Sai ya ce, in a nan haka take, ina ga can?

Ya sunkuya ya kama mamurɗin. Sanyi ƙalau. Ya wuce ɗigon. Ya kai shi ƙarshe. Ya ɗaga hannu ya sauke shi a kan tsirkiyoyi da dukkan ƙarfinsa.

Ba abin da ya fito.

Shagon ya yi tsit. Ko ƙarar motocin titi babu. Ƙofa kuma a rufe take, shi kuwa bai ji an rufe ta ba.

Cikin lasifikar, wani abu ya ja numfashi.

Dogon numfashi, mai ƙara ƙasa-ƙasa, na wanda aka tayar daga barci mai nauyi. Warin dalma ya ɓace. Warin gashi da ya ƙone ya maye gurbinsa. Ƙyallen gaban lasifikar ya kumburo, ya koma, ya kumburo.

Zarto ya taka fedar don ya kashe. Fitilar ba ta mutu ba. Ya buga ta da ƙafa ta kife. Murfin ƙasanta a buɗe yake. Gurbin batir wayam, 'yan wayoyi biyu na reto.

"Wa ya buga wannan?"

Raɗa ce. Daga lasifika ta fito, amma a bayan kunnensa ya ji ɗuminta.

Ya miƙe zai gudu. Wayar jitar ta tashi daga ƙasa ta naɗe masa wuya, ta fizge shi ya dawo kan kujera har haƙoransa suka haɗu. Ya ji ɗanɗanon jini. Ya kai hannu ya kama wayar, ta ƙara matsewa. Idanunsa suka firfito.

"Buga."

Ya buga, yadda ya saba.

Marin ya zo daga inda babu kowa. Kansa ya bugi kantar, fedodi suka zubo masa. Kunnensa na hagu ya toshe.

"Buga."

Ya sake, amma dai da ƙarfi, don tsoro ma ƙarfi yake sa shi. Siririyar tsirkiya ta tsinke ta tsaga masa kunci. Wani hannu ya kama nasa na dama. Yatsun sun yi tsawo da yawa. Sun zagaye wuyan hannunsa har sun haɗu sun wuce. Suka zaɓi ɗan yatsansa na tsakiya, suka lanƙwasa shi baya, a hankali, ba gaggawa.

Ƙas.

Ya buɗe baki. Wayar ba ta bar ihun ya fita ba.

"A hankali," in ji raɗar. "Barci nake."

Jini na ɗiga a kan jita. Zarto ya kai babban yatsa, don shi kaɗai ya rage mai jin magana. Ya shafi tsirkiya kamar mai taɓa goshin jariri mai zazzaɓi.

Sauti ya fito, siriri, mai ɗumi.

Wayar ta ɗan saki.

Ya sake shafa. Ya bar sautin ya mutu da kansa kafin ya taɓa wani. Sau ɗaya hannunsa ya zame ya yi nauyi, nan take aka naushe shi a haƙarƙari har ya ji wani abu ya motsa a ciki. Bai sake ba.

Numfashin ya fara tsawo.

Yana kiɗa yana zare ƙafa daga takalmi. Ya lalubi fedar da yatsun ƙafa. Ya birkito ta. Ya maƙale mamurɗin, ya fara mayar da shi baya.

Kaɗan.

Numfashin ya tsaya. Shi ma ya tsaya. Ya shafi tsirkiya.

Kaɗan kuma.

Ɗigon jan farce.

Wayar ta sulale daga wuyansa ta faɗi ƙasa kamar mushen maciji. Ƙarar motoci ta dawo. Ƙofa a buɗe.

A lungu ya bangaje mai gyara, batir ya yi tsalle ya faɗa kwata. Tsohon ya kira shi, bai waiwaya ba. Ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu, haka ya isa gida. Matarsa ta wanke masa fuska, ta kai shi aka ɗaure yatsan, ba ta tambaye shi komai ba sai da ta buɗe jakar jitar don ta goge jinin. Ta ce wannan ɗan akwatin fa, a ina za ta ajiye masa?

Ya jefa shi a bola. Da safe yana cikin jaka. Ya mayar wa mai gyara. Tsohon ya ƙi ko buɗe ƙofa, ta taga ya ce masa shi ya huta.

A kiɗan ƙarshen mako, da aka bar wa Zarto fili, ba wanda ya ajiye cokali. Da babban yatsa yake kiɗa yanzu, a hankali, yana barin kowane sauti ya gama maganarsa. Mai saksofon ya lumshe ido har ya kusa manta inda zai shigo. Kujera ta zama ta Zarto. A gida ma ya daina buga ƙofa, ya daina yi wa yara tsawa in wani na barci.

Bakinsa ne kawai bai koyi komai ba. Rannan suna haɗa kaya kafin baƙi su shigo, ya tara masu kai abinci yana ba su labari. A wannan karon aljanin ya kai rufi, shi kuma ya take masa wuya sai da ya roƙi gafara ya miƙa fedar da hannu biyu. Ya ce duk daɗin da suke ji, daga cikinta yake fitowa in ya taka.

Mai ganga, ƙanin matar tasa, yana tsugune yana naɗe wayoyi. Ya bi wayar jitar da hannu, daga jita, ta ƙarƙashin kafet, har cikin amfilifaya. Ya dawo ya ɗaga fedar. Ba abin da ke soke a jikinta, ko ta dama ko ta hagu.

"Yaya, ai wannan ba a haɗe take ba. Tun da ka kawo ta ban taɓa ganin ka taka ta ba." Ya juya ta, ya leƙa gurbin batir. "Kuma Anti ta ce da takalmi ɗaya ka dawo. Kai ka kamo shi, ko shi ya kamo ka?"

Masu kai abinci suka fara ƙunshe dariya. Mai ganga ya ɗora yatsa a kan mamurɗin, ya ce bari dai ya ga iyakarta.

'Yar fitilar ta kawo ja a hannunsa.

Zarto, mai take wuyan aljani, ya riga ya kare kunci da tafin hannu.

"Ajiye ta," ya ce da raɗa. "A hankali. Barci yake."