Ruwan Zafi a Ramin Eriya

Ranar wata Laraba, cikin ranin shekarar 1981, Malam Habila ya tashi daga aiki a gidan gurzar auduga na Funtua, ya biya kasuwa ya auno gishiri mudu biyu, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi gida Ƙarfi. Gishirin ba na miya ba ne. Habila yana da rediyo irin wadda ake aika magana da ita, har da takardar izini a bango, da doguwar eriya daga kan ɗorawa zuwa bayan ɗakinsa. Sai dai tashar da abokansa na Jos ke hira a kanta da yamma ba ta fitowa sai an haɗa rediyon da ƙasa mai laima: a kafa rodin jan ƙarfe, a zuba gawayi da ruwan gishiri.

Filin duk a bushe yake ƙamas, in ban da wani ɗan kwari a bakin burtali, inda ciyawa take kore shar ko da rani. Nan ya kafa rodin. Gishirin ya ƙi narkewa, Habila kuwa ba ka raba shi da gaggawa. Ya sauke tafasasshen ruwan da matarsa Rahab ta ɗora don wankan jaririyarsu Susana, ya dama.

"Baban Susana, magariba ce fa," in ji Rahab. "Ko a gafara ka ce kafin ka zuba."

"In ce wa wa? Tururuwa?"

Ya tuttula. Ƙasar ta yi tsuwwa, ta shanye.

Da safe ya tarar da rodin a ƙofar ɗakinsa, an goge shi tas. Nan take zuciyarsa ta ba shi Sanda, makiyayin da shanunsa ke bin burtalin, wanda har sau biyu ya tambaye shi da wa yake Turanci a akwatin nan. Habila ya sake kafa rodin. Kashegari ma ga shi a ƙofa.

Ita kuwa Susana, tun ranar Larabar, da rana ta faɗi sai ta kama kuka, ta ƙi nono. An kai ta ɗakin shan magani, an ce ba a ga komai ba. Har ta soma ramewa.

Habila ya tare Sanda a hanya, ransa a ɓace.

"Malam Sanda, in eriyata ta tsone maka ido, faɗa mini."

Sanda ya dube shi ya daɗe. "Malam, tsawon ƙarfen nan ya fi ni. Ka ga sawun diga a wurin?"



"Shanuna ma ba sa cin ciyawar nan," in ji Sanda, ya wuce.

Wallahi ko wannan bai sa ya daina zarginsa ba. Ranar Juma'a da yamma ya kafa rodin karo na uku, ya zauna bakin taga inda yake hango shi, ya haɗa batir, ya kunna rediyo. Yana so ya kama ɓarawonsa da hannu.

Rana ta faɗi. Kaji suka shige akurki. A rediyon babu komai sai shuu.

Sai wani wari ya shigo, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙonanniyar fata.

A uwar ɗaki Susana ta soma kuka. A rediyon ma wani jariri ya soma. In wannan ya ja numfashi, waccan ta ja.

Habila ya zare wayar batir. Kukan bai tsaya ba.

Muryar mace ta fito, ƙasa-ƙasa, kamar a bayan kunnensa.

"Sau biyu ina mayar maka da ƙarfenka. Bayan ɗana ya saɓule. Taka kuwa fatarta lafiya lau."

"Baban Susana," Rahab ta kira daga uwar ɗaki, "bayanta kamar garwashi."

Ya fita a guje. A bakin burtali shanun Sanda sun cije, sun ƙi gaba. Sanda na tsaye da ƙwaryar madara. Rodin yana fitowa daga ƙasa a hankali, babu hannun kowa a kansa.

"Cire da kanka," Sanda ya raɗa. "Ka ba da haƙuri."

Habila ya durƙusa. 

"A gafarce ni. Ban sani ba."

"An faɗa maka," in ji ramin.

Kukan Susana ya koma shaƙewa.

"An faɗa mini, na ƙi ji. Ni na zuba, ba ita ba."

Ya kama rodin da hannu biyu. Ya ji ƙaurin naman tafinsa, amma bai saki ba sai da ya zare shi duka. Sanda ya tsiyaya madarar a ramin.

Kukan biyu suka ɗauke tare. Can sai ya ji Rahab tana cewa, "Ta kama nono."

Kafin mako ya zagayo an sauke eriyar, Rahab ta mai da ita igiyar shanya. Habila ya je har rugar Sanda ya nemi afuwa. Susana ta girma lafiya, ko tabo babu. Yatsun ubanta ne ba su ƙara miƙewa ba. Har ya tsufa, ko ruwan randa zai zubar sai ya ce a gafara, sa'an nan ya ɗan dakata da kwanon a hannu, yana saurare.