Hutun Da Kofur Ya Ba Dogo

"Ba za ki faɗa masa ba!"

"Uwa, mahaifiyarsa ce fa..."

"Na ce ba za ki faɗa ba! Ke kika fara auren soja?"

A bakin famfon bariki suke tsaye, bokitin Amarya ya cika har yana zuba ba ta lura ba. Wadda take mata tsawar matar sajan manjo ce, kowa Uwa yake ce mata, shekararta ashirin da shida tana wanke kaki. Idan ta ɗaga murya, har kuratan da ke gadin ƙofa gyara tsayuwa suke yi.

"Likita ya ce ƙodar Inna ta gaji," in ji Amarya. "Ya ce in akwai wanda za a kira, a kira."

"Likita aikinsa ya yi, ni ma nawa nake yi. Namijin da ke bakin daga ba a kai masa labarin gida sai mai daɗi. Da idona na ga wadda ta buga wa mijinta waya ta ce ɗansu ya ƙone a hannu. Washegari ya fita sintiri hankalinsa na gida, ya taka abin da ya taka. Yaron ya warke, ga shi can ya zama saurayi. Uban fa?"



"Ko so kike ki zama kamar matar Dogo?" Uwa ta nuna ƙofa ta uku da haɓa. "Waccan ko sauro ne ya cije ta sai mijinta ya ji a waya. Ki yi ta maza, 'yata. Mu ma yaƙin muke yi, bindiga ce kawai ba a ba mu ba."

Amarya ta ɗauki bokitinta ta wuce, zuciyarta kamar an ɗora mata dutse.

Shekara shida ke nan da aurenta da Kofur, amma sunan Amarya ya ƙi sakinta. A shagon ɗinki ya fara ganinta, ya kawo rigar aiki aljihu ya yage. Bayan kwana biyu ya dawo da ɗayan aljihun. A karo na uku ta dube shi ta ce, "Malam, rigar nan aljihu biyu gare ta, yau kuma me ka yaga?" Ya yi dariya har da riƙe ƙofa. A shekaru shidan nan, in aka haɗa kwanakin da suka kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, da ƙyar su cika shekara biyu. Sauran duk ita da Inna ne da keken ɗinki a ɗaki biyu na bariki.

Ta tarar da Inna a kishingiɗe, ƙafafunta sun kumbura har fatar na sheƙi.

"Na ji muryar Uwa," in ji tsohuwar. "Gaskiya ta faɗa miki."

"Inna, shi kaɗai gare ki..."

"Shi ya sa. Zo nan." Ta kama hannun Amarya, riƙon ba ƙarfi amma ba wasa a cikinsa. "Ban yafe ba in kika ɗaga wa yaron nan hankali a kaina. Ni na ci zamanina. Shi ne nake so ya dawo miki da ƙafafunsa."

"Inna!"

"Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Na ji."

Ta ji ɗin, kuma abin da ya cuce ta ke nan. Yarinya ce mai jin magana, irin wadda duniya ke yaba wa a baki ta bari da kuka a ɗaki.

Duk ranar Laraba da hantsi Kofur yake kira. Waya ɗaya ce a sansaninsu take samun layi, sai an hau wani tudu, kowane soja minti biyar, na baya yana tsaye yana duba agogo. Saboda minti biyar ɗin nan Amarya ta ƙirƙiro aiki guda. Tun da safe za ta goge wa Inna jiki, ta tayar da ita zaune, ta tokare ta da matashi uku, ta ba ta ruwan ɗumi ta kurkure maƙogwaro. Sai su gwada.

"Ce 'lafiya lau' in ji."

"Lafiya lau."

"A'a Inna, da ƙarfi, kamar kina faɗa da mai gawayi."

"Lafiya lau, ja'ira!"

Su yi dariya, Amarya ta juya baya ta share ido. Da wayar ta shigo, Inna za ta tattara duk ƙarfin da ta tara na mako guda ta zuba a minti ɗaya, ta tsokane shi, ta sa masa albarka, ta miƙa wayar, sannan ta zube a kan matashi tana haki kamar wadda ta yi gudu.

Haka suka yi Laraba bakwai. A ta takwas Inna ko zama ba ta iya yi ba.

Wayar ta yi ƙara. Amarya ta fita tsakar gida ta jawo ƙofa.

"Zuciyata!" Muryarsa ta zo da ƙarar iska. "Kina jina?"

"Ina jinka, nawa. Ya aiki?"

"Aiki da godiya. Ina tsohuwata?"

"Ta... ta leƙa maƙwabta."

"Kai, tsohuwar nan da yawo! Ki ce mata zan zo in ɗaure ta. Kowa lafiya dai?"

"Lafiya lau."

"Alhamdulillahi. To saurara, kada ki yi fushi da ni. Layin hutu ya zo kaina, kwana goma."

Gabanta ya yi wata irin faɗuwa ta daɗi. Ta dafa bango.

"Yaushe za ka taso?"

"Abin da zan faɗa miki ke nan. Na ba Dogo."

"Ka... me?"

"Na ba shi nawa. Ba ki ga yadda ya koma ba, ko abinci ba ya ci. Kullum matarsa cikin kuka, yau bayanta, gobe haƙorinta, jibi rufi na yoyo. Na ce masa je ka, ni gidana lafiya ƙalau, ina da mace ɗaya tamkar dubu. Wata huɗu ne kawai layi zai sake zagayowa. Wallahi ina alfahari da ke, zuciyata, duk sansanin nan..."

"Ka karɓo! Ka je ka karɓo abinka!"

"Haba, ya riga ya hau mota tun asuba. Kewa ce? Ni ma..."

"Ka saurare ni, Inna..."

"Ga na baya yana hararata, lokaci ya cika. Gobe za mu matsa gaba, can babu layi, kada ki damu in kin ji shiru. Ki gaishe min da tsohuwa!"

Ɗif.

Ta kira lambar fiye da sau ashirin. Sau biyu ta ji ana magana a kan layin, wani ne ke cin nasa minti biyar ɗin. Daga nan sai ta daina shiga gaba ɗaya. Ta durƙushe a gefen igiyar shanya ta cusa gefen zaninta a baki, don kada Inna ta ji.

Kwana biyu bayan nan Dogo ya sauka a bariki. Matarsa ta fito da gudu tana ihun murna, bayan da ke ciwo ya warke nan take. Da yamma ya shigo gaishe da Inna da fara'arsa, yana cewa Kofur ya aiko shi da saƙo. Yana ɗaga labule fara'ar ta ɗauke. Ya daɗe a tsaye yana kallon abin da ya rage na tsohuwar a kan gado.

"Amarya... tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Innalillahi! Da na sani, wallahi da ko a kan gawata ba zan karɓa ba!"

Shi da kansa ya je ofis aka buga saƙo ta hanyar aiki. Suka ce za a isar, amma rundunar ta shiga daji, sai ta fito. Amarya ta dinga zarya ofishin nan safe da yamma har magatakardan ya fara sunkuyar da kai in ya hango ta.

Inna ta cika ranar Juma'ar da ta zagayo da la'asar, kanta a cinyar Amarya. Kafin nan ta buɗe ido sau ɗaya ta dubi ƙofa.

"Motar wa na ji?"

"Ta masu kawo ruwa ce, Inna."

"To." Ta lumshe ido. "Ya yi kyau da bai zo ba."

Amma ƙofar take kallo. Amarya ta gani, kuma har abada ba za ta daina gani ba.

Sai bayan sati biyar saƙo ya sami Kofur. Suka ba shi kwana uku.

Ya shigo da tsakar rana, ya rame, ya yi baƙi, jakarsa a kafaɗa. Amarya ta taso da gudu, sai ta ja ta tsaya, don bai buɗe hannu ba. Ya wuce ta ya shiga ɗakin Inna. Gadon a gyare, carbinta a rataye a ƙusa, takalmanta a jere a ƙarƙashi. Ya zauna a ƙasa ya ɗauki takalmi ɗaya ya riƙe.

"Wata biyu tana kwance, Dogo ya ce."

"E."

"Ranar da kika ce ta leƙa maƙwabta?"

"Tana nan... a kan gadon nan."

"Ina magana, tana bayan ƙofa tana mutuwa."

"Na yi ƙoƙarin faɗa maka, layin ya..."

"A minti na biyar!" Ya ɗago, idanunsa jawur. "Laraba takwas, Amarya! Na tambaye ki da bakina! Na ɗauki hutuna da hannuna na ba wani, ina washe baki, ina yabonki a gaban maza!"

"Tsoro na ji. Na ji tsoron kada hankalinka ya rabu, a dawo min da kai a akwati..."

"Da na zo na gan ta na koma, ko a akwatin ne, da ya fi min wannan."

Maganar Inna ta zo mata har kan harshe. Kalma huɗu ce kawai: ita ta hana ni. Ta dube shi zaune a ƙasa rungume da takalmin tsohuwa kamar ƙaramin yaro. In ta faɗa, zai koma daji yana jin haushin wadda ba zai ƙara gani ba, balle su shirya. Ita kuwa tana raye, yana da inda zai ajiye fushinsa. Ta haɗiye maganar, ta ji tana ƙona ta har ciki.

"Ka yafe min, nawa."

Ya juya mata baya, takalmin na hannunsa.

Uwa ta zo da kanta washegari, ta tsaya a ƙofa ba tsawa ba ɗaga murya.

"Kofur, ni na hana ta. In da laifi, nawa ne. Yarinyar nan ta ɗauki uwarka a bayanta zuwa asibiti, ta wanke ta, ta ciyar da ita da cokali. Ko 'yar cikinta sai haka."

Ya miƙe tsaye don girmamawa.

"Na gode, Uwa. Na san ta yi. Amma ke ba matata ba ce. Ita na tambaya."

Kwana ukun nan a ɗakin Inna ya yi su. Yana cin abin da Amarya ta dafa, yana cewa an gode. Bai zage ta ba, bai ambaci saki ba, kuma wallahi da ya yi ɗaya daga ciki da ta fi samun sauƙi. Ita kuwa ta wanke kakinsa, ta goge, ta sake ɗinke maɓallan da suka yi sako-sako, hawaye na ɗiga a kan zaren.

Ranar tafiya mata suka taru a filin da motar ke tsayawa, kamar yadda suka saba. Amarya na riƙe da jakarsa. Ya karɓa ba tare da yatsunsu sun haɗu ba. Sai ya juya, ya ratsa mutane, ya nufi matar Dogo. Ya zaro 'yar takarda daga aljihu ya miƙa mata.

"Wannan lambar ofishinmu ce ta can, wannan kuma ta tudu. Duk abin da ya faru a gidana, babba ko ƙarami, ke za ki faɗa min. Ran Laraba zan raba mintina, biyu naki."

"Ni?" Matar Dogo ta ja da baya. "Kofur, ga matarka tsaye..."

"Na gan ta. Ke ba kya ɓoye komai."

Uwa ta sunkuyar da kai. Amarya ta ji kamar an tuɓe ta a tsakiyar kasuwa, amma ba ta motsa ba, don ba a kuka a gaban motar tafiya.

Ya sa ƙafa a matakala, ya ɗan tsaya. Ta ɗauka zai waiwayo. Ta shirya fuskarta, har ta ɗaga hannu.

Ya shige ciki. Motar ta tashi.

Mata suka watse ɗaya bayan ɗaya. Sai matar Dogo ce ta rage, tana juya takardar a hannu kamar garwashi aka ba ta. Ta matso a hankali, wannan karon ba surutu.

"Amarya, wallahi ban roƙa ba. In kin ce in yaga, yanzu zan yaga."

"Kada ki yaga. In bai ji daga gare ki ba, hankalinsa ba zai kwanta ba."

"To in ya kira, me zan ce masa?"

Amarya na kallon ƙofar barikin da ake mayarwa a rufe. Hawayen da ta riƙe suka ɓalle gaba ɗaya, ba ta ko ɗaga hannu ta share ba.

"Ki faɗa masa abin da kika gani."

"Har da kukan?"

"Har da shi. Ki ce masa kin bar ni a fili ina kuka, kuma ban san ranar da zan daina ba."