Kafaɗa ta Huɗu

Nuala na fere dankali a bakin murhu, yayanta Fergal ya banko ƙofa ko gaisuwa babu.

"Ke! An ce an gan ki a kan gada da Malachy Tierney!"

"An gan ni, Yaya. Laifi ne?"

"Ubansa fa ɗan sandan Ingila ne! Muna daji muna shan wuya don 'yancin Ayalan, ke kina soyayya da jinin maci amana?"

"Uban ne ya sa kaki, ba shi ba. Kuma benci ɗaya kuka zauna a makaranta."

Mama ta yi ta ba shi baki, amma ina! Ya ɗauko almakashin askin tumaki ya datse gashin ƙanwarsa tas, hukuncin da 'yan sa-kai ke yi wa budurwar da ta kula gidan ɗan sanda. Nuala ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma ba ta zage shi ba.

Dama ƙauyen ya juya wa gidan Tierney baya, ko madara ba mai sayar musu. Ana haka aka harbe uban Malachy a hanyar coci. Kowa ya san waɗanda suka yi, kowa ya yi gum.

Ranar jana'iza abin tausayi. Maza huɗu ake nema su ɗauki akwatin gawa, uku aka samu: Malachy, kawunsa da Fada, limamin cocin. Maƙwabta na tsaye a ƙofofinsu, kai a sunkuye.

Sai ga Nuala ta ratso su ta sa kafaɗa. Akwatin ya karkace, mayafinta ya zame kowa ya ga askakken kanta.

"Fergal!" Mama ta daka tsawa cikin kuka. "Mamacin nan ya sa kafaɗa ya ɗauki gawar ubanka zuwa kabari! In ƙanwarka ta faɗi, kada ka ƙara kira na uwa!"

Fergal ya cire hula ya tako.

"Matsa, ƙanwata... ki yafe mini."

Malachy ya dube shi ido jajur. Ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya gyara masa wuri. Ɗaya bayan ɗaya maƙwabta suka biyo baya.

Da aka tsagaita wuta, Fergal da kansa ya miƙa wa Malachy hannun Nuala a cocin. Mahaƙurci mawadaci. Yaƙi yakan ƙare, soja ya koma garinsu, amma maƙwabci yana nan, kuma a kafaɗarsa za ka bar duniya.