Kaset Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Insifekta Na'Allah yana zaune shi kaɗai a caji ofis na Sabon Birni lokacin da budurwar ta shigo. Shekarar 1984 ce, damina ta biyu ke nan da ruwa ya ƙi zuwa. Gari ya yi shiru har ɓarayi ma sun tafi cin rani.

"Sunana Bilki, ɗalibar jami'a, sashen nazarin walwalar jama'a," in ji ta. "Wata huɗu ina Gangara ina ɗaukar muryoyin waɗanda fari ya taɓa. Jiya ana sallar Juma'a anka shiga ɗakina anka ɗauke rikoda da kaset guda."

"Guda kaɗai?"

"Guda cikin arba'in. Mai lamba goma sha bakwai. Hirar wani makiyayi ce, Wakili, kuma kanta na gina bincikena duka. Litinin za ni gaban malamai. In babu kaset, babu hujja, babu digiri."

Na'Allah ya ɗauki hularsa. Ya daɗe bai samu wanda ya buƙace shi ba.

A ɗakin nata ya tarar da agogo kan taga ba a taɓa ba, kasakasai talatin da tara a jere. Babu suna a jikinsu sai lamba, don ƙa'idar aikinsu ce a ɓoye sunan mai magana.

"To yaya ɓarawo ya gane wadda yake so?"

Bilki ta ce, "Wakili bai iya boko ba. Da na ce ya sa hannu ya yarda, sai ya zana shaidar shanunsu a jikin kaset ɗin."

"Ina Wakilin?"

"Shanun sun mutu. Ya yi kudu, wata uku babu labarinsa."

Mai gidan da ta sauka, Ɗanmusa, ya rantse yana masallaci tun kiran farko. Na'Allah bai yi musu ba, ya dai tambayi liman, wanda ya ce bai gan shi da wuri ba. Sai ga Ɗanmusa yana sosa ƙeya.

"Gaskiya na makara, ranka shi daɗe. Tsoro ni ji a ce ni na. Amma na ga tsoho Illo bakin zaure, da buhu a kahwaɗa."

"Wane ne Illo?"

"Uban Wakili."

Mai tebur ɗin bakin kasuwa ya ƙara masa hujja ta uku. Illo, wanda bai taɓa mallakar ko tocila ba, ya kawo igiyar ɗaure maruƙa ya musanya da batir huɗu.

Rugar Illo tana arewa da gari. Bukka ɗaya ce ta rage a tsaye, turaku kuwa babu ko akuya. Tsohon yana zaune a inuwar aduwa, ya yi wa Na'Allah da Bilki maraba kamar ya san da zuwansu.

"Baba, ka shiga Gangara jiya?" in ji Na'Allah.

"Ban shiga ba."

"Mi kaka yi da batir?"

"Wane batir?"

Na'Allah ya leƙa bukkar. Rikodar tana kan gadon kara, an lulluɓe ta da farin zane don kada ƙura ta taɓa ta. Ya fito da ita ya ajiye a gabansa.

Illo ya sunkuyar da kai.

"Ni na ɗauka," ya ce. "Ran da yarinyar ga ta zo, shanu suna nan duka, suna kuka bayansa yana magana. So nike in ji kukansu."

"Kukan shanu kawai?"

Tsohon ya kau da kai. Wakili ɗan farinsa ne, kuma a al'adarsu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya ce yana kewarsa. Shekara talatin bai taɓa faɗin sunan nan ba. Na'Allah ya gane, bai sake tambaya ba.

"Amma akwatin ya ƙi ni," in ji Illo. "Jiya har dare ina jira, bai ce komi ba. Ɗiyata, ki sa shi magana sau guda, sannan ku tahi da ni."

Bilki ta durƙusa. "Baba, ina ka danna?"

"Inda ni ga kina dannawa. Ja, da na kusa da shi."

Bilki ta dubi rikodar. Maɓallan ɗauka ke nan. Ta mayar da kaset ɗin baya zuwa farkonsa ta kunna.

Babu kukan shanu, babu muryar makiyayi. Sai iska, sai numfashin tsoho. Can sai wata murya ta fito a hankali, cike da kunya.

"Wakili? Ni na. Kana ji na? Wakili, ka ci abinci?"

Ta juya ɗaya gefen. Shi ma haka ne har ƙarshe.

Bilki ta zauna a ƙasa. Aikin wata huɗu ya tafi, ta sani, kuma ta rasa wanda za ta yi wa fushi.

"Wagga muryata ce," in ji Illo. "Ina tasa?"

Na'Allah ya yi shekara ashirin yana gaya wa mutane munanan labarai, amma wannan ya yi masa nauyi.

"Ta goge, Baba. Kai ka hau kanta ba ka sani ba."

Tsohon ya dubi yatsunsa biyu. Ya miƙe da kansa, ya jawo asabari ya rufe bukkar da babu kowa a ciki, ya miƙa hannuwansa. Na'Allah ya bar ankwa a aljihu, ya kama shi a kafaɗa suka nufi mota.

A bakin motar Illo ya tsaya ya waiwayi Bilki.

"Ɗiyata, ke kin saurare shi sau da yawa. Ya ambace ni?"

"Sau shida, Baba," in ji ta. "Na ƙirga."

Ya gyaɗa kai, ya shiga.