Alkakin Mata Tamanin

"Sake faɗi in ji. Wa ta aiko ka?"

Armaya'u ya ajiye goran zuma a bakin zaurenmu, ya ƙi haɗa ido da ni. Mutumin da ke hawa ƙoƙuwar kuka ya sauke amya ƙudan zuma na yi masa rubdugu, yau shi ne yake sosa ƙeya a gabana.

"Inna ce... Bikin ƙanwata Safiyatu saura kwana tara. Ta ce daga Ruma har Safana babu mai hannunki a alkaki."

"Innarka Lami."

"Ina da wata ne, Zuwaira?"

"Ba ka da wata. Da ma kana da ita."

Ya ɗago a hankali. "Na san an taɓa samun saɓani tsakaninta da marigayiya mahaifiyarki. Amma ki saurare ni, sanyin idona. Ta ce in an watse biki lahiya, da kanta za ta tashi kawunnaina su zo neman aurenki. Shekara biyu muna jiran wannan magana."

Saɓani. Haka aka gaya masa, don a lokacin yana bin ayarin Sakkwato da jakuna, bai ga komai ba. Ni kuwa na gani, ina da shekara goma sha biyu, ina riƙe da faifai a bayan Innata.

Innata ita ce Talatu mai alkaki ta Batsari. Ita ta koya mini cewa alkakin biki kashi uku ne. Akwai na baki, wanda mace za ta ci a zaune, bibbiyu. Akwai na ƙwarya, don duk wadda ta kawo gudummawa ba a mayar mata da ƙwaryarta wayam, biyar-biyar. Sai na haɓar zane, wanda kowace za ta ƙulle wa 'ya'yanta tana zaton ba a gan ta ba. Mata tamanin sai ɗari shida da arba'in, mudun alkama ashirin ke nan, ko ƙwaya ba a ragewa.

A bikin babban ɗan Lami, Inna ta ce ashirin. Lami ta auna mata goma, ta ce sauran na nan tafe. Bai zo ba. Da alkaki ya ƙare ƙore na jere a tsakar gida, sai Lami ta miƙe a gaban jama'a ta ce mudu goma ya ishi mata tamanin har a yi sadaka, Talatu ce ta karkatar da rabi. Kafin magariba zabiya ta sa maganar a waƙa.

Daga ranar Inna ta kife kaskonta, ba ta sake suya ba. Shekara biyar tana ramewa a ɗaki. Ko a ciwon ajali, in zazzaɓi ya taso mata, abu ɗaya take maimaitawa: "Ashirin na ce mata... ashirin na ce."

Shi kuwa Armaya'u, zuma ce ta haɗa mu bayan na tayar da sana'ar. Sai da zuciyata ta gama tafiya wurinsa sannan na ji ko ɗan wane ne. Na yi kuka, na yi rantsuwar ba zan ƙara fitowa ba, ranar kasuwa na zagayowa na sa kwalli na fito. Ina son sa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma ko sau ɗaya ban taɓa jin sunan uwarsa ba tare da ƙirjina ya ɗau zafi ba.

"Mata nawa aka gayyata?" na tambaye shi.

"Ta ce tamanin."

Tamanin cif. Na ce a raina, Allah ke nan.

"Ka ce mata ina tahe."

Ya yi murmushin da har yau in na rufe ido ina ganinsa. "Na san ba za ki ba ni kunya ba."

Saura kwana uku na hau jakin kawuna, muka yini a hanya, muka shiga Safana rana ta yi sanyi. Lami ta tarbe ni da fara'ar da ta tsaya a haƙora. Ta ƙara ƙiba, azurfa har gwiwar hannu.

"Ɗiyar Talatu an girma. Allah ya ji ƙan uwarki."

"Amin, Inna."

Da safe na ce ba zan taɓa alkama ba sai an auna a gaban mutane. Aka kira Gwaggo Mairo, ƙanwar maigidan, da maƙwabta huɗu. Uku a cikinsu na shaida su, suna wurin shekara bakwai da suka wuce, har da wadda ta fi kowa guɗa a waƙar.

"To, mudu nawa?" in ji Lami.

Na durƙusa, na sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki. "Ni yarinya ce, Inna, ke kika san biki. Na ji da kunnena kin ce goma ya ishi mata tamanin har a yi sadaka. Ko ba haka ba ne?"

Duk matan suka juya suna kallonta.

Gwaggo Mairo ta ce, "Haka ta ce kuwa, ina wurin."

Lami ta dube ni, na dube ta. In ta ce a ƙara, ta wanke Innata da bakinta. In ta ce ya isa, ta san abin da ke tafe.

"Goma," ta ce. "A auna."

Ina tsakiyar ɓarza a bayan madafa bayan azahar sai ga Armaya'u da taikin alkama a kafaɗa, yana waige-waige. Ya sauke shi bayan rumbu.

"Inna ta ce in ba ki hannu da hannu. Goma ne. Wai ki ƙara, amma kada kowa ya sani."

"Don mi kada kowa ya sani?"

"Ni ma na tambaya, ta ce harkar mata ce." Ya tsuguna nesa kaɗan, ya rage murya. "Zuwaira, akwai wani abu ne? Fuskarki ba yadda na san ta ba."

Wallahi a wannan lokacin na kusa. Maganar ta zo har bakina, in gaya masa komai, in ce ya je ya tambayi uwarsa. Amma na san shi, mai son sulhu ne. Zai je ya lallaɓa ta, ta kira ni ɗaki ta ce in yi haƙuri a ɓoye. A ɓoye! Alhali a tsakar gida aka kira Innata ɓarauniya.

"Gajiya ce kawai, mai zumata."

"Zai isa dai ko? Dangin angon nan na Tsaskiya ba su da kawaici. Safiyatu kwana biyu ba ta iya cin abinci don tsoro."

"Ka kwantar da hankalinka. Na yi lissafina."

Ban yi masa ƙarya ba, na yi lissafin. Na tura taikin ƙarƙashin rumbu yadda ya kawo shi, ko ɗaurin bakin ban taɓa ba.

Goman nan kuwa na yi mata aikin da ban taɓa yi wa wani ba. Na kwaɓa da nono mai tsami da man shanu, ya kwana ya tashi, na murɗa ɗaya bayan ɗaya, na soya har ya yi ja, na tsoma a zumar ɗanta. Ina so duk wadda ta ɗanɗana ta nemi ƙari. Ɗari uku da ashirin ya fito. Na san har ƙwaryar da zai ƙare a kanta, ta goma sha shida.

Ranar biki da safe amarya ta aiko a kira ni. Na same ta a ƙuryar ɗaki, hannu da ƙafa duk lalle, 'yar siririya mai manyan idanu irin na yayanta.

"Ke ce Yaya Zuwaira? Kullum sai ya yi zancenki." Ta kama hannuna. "An ce uwar mijina ƙirga komai take yi. Amma da aka ce ke za ki yi alkakin, sai na ji sanyi."

Na zare hannuna, na ce kasko na jirana.

Mata suka cika gida, kalangu na tashi. Aka ci na baki ana lashe yatsu, na ga haɓar zannuwa na kumbura, ban hana kowa ba. Maƙwabta masu komawa da wuri suka miƙo ƙorensu, na cika musu biyar-biyar har da fara'a. Lami tana ta kai da kawo hankali kwance, tana zaton akwai wani masakin alkaki a ɓoye.

Da la'asar dangin ango suka tashi tafiya da amarya. Mata talatin, kowace da ƙwaryarta, suka jera su a gabana. Na ɗaga faifan da ke kan masaki, na karkata shi kowa ya ga gindinsa.

"Ya ƙare."

Babbar gwaggon ango ta ce, "Mi ya ƙare? Mu da muka zo da goro da turmi biyu na zane, ƙorenmu za su koma Tsaskiya wayam?"

Lami ta ratso mutane, fuskarta ta yi fari. "Ɗauko sauran mana."

"Wane saura, Inna? Goma kika auna, ga shaidu."

Ta rasa abin kamawa, sai ta kama abin da ta saba. "Ku gani ko? Halin uwar ne. Abin a nono aka sha shi!"

Shekara bakwai ina jiran ta faɗi haka. Na tashi ba gaggawa, na je ƙarƙashin rumbu na jawo taikin har tsakiyar fili.

"Gwaggo Mairo, duba ɗaurin nan. An kwance shi?"

"Ba a kwance ba."

"Mudu goma ne. Inna Lami ta aiko mini a ɓoye, wai in ƙara kada kowa ya sani. To ina tambaya, in goma na isar mata tamanin, wannan na mene ne?"

"Ƙarya take yi!" in ji Lami. "Ban san shi ba!"

"A kira ɗanki. Shi ya ɗauko."

Aka kira shi. Ya tsaya a bakin ƙofar shiga cikin gida, mata sama da tamanin sun zuba masa ido. Gwaggo Mairo ta ce ya faɗi tsakaninsa da Allah wa ya ba shi taikin. Ya dubi uwarsa. Sannan ya dube ni, ya daɗe yana dubana, har na ga lokacin da ya gane komai.

"Inna ce ta ba ni," ya ce, da ƙyar aka ji.

Na juya ga matan nan uku. "Talatu ashirin ta nema, goma aka ba ta. Ba ta ci ƙwayar alkamar kowa ba. Ku da kuka yi guɗa ranar, yau ma ku yi."

Babu wadda ta yi. Ɗaya ta rufe fuska da mayafi tana salati. Lami ta zauna daɓas a ƙasa, ɗankwalinta ya zame. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji, daɗin da ya ratsa ni har tafin ƙafa.

Sai aka fito da amarya. Dangin ango suka kwashe ƙorensu suna kifawa a ka ɗaya bayan ɗaya, don duk wanda suka wuce a hanya ya san yadda aka sallame su. Wata ta ce, "Mun ɗauko ɗiyar gidan mudu goma." Suka kwashe da dariya. Ta ƙarƙashin lulluɓi na ji kukan Safiyatu, kuma na san ba kukan rabuwa da gida ba ne. Wannan suna zai bi ta har ɗakinta, har 'ya'yanta. Wa ya fi ni sanin haka?

Kwana goma sha ɗaya ban ji ɗuriyarsa ba. A Batsari kuwa mata sai shigowa suke suna cewa dama su sun san Talatu ba za ta aikata ba. Na bar su suna faɗa.

Ranar da ya zo, da hantsi ne. Ya rame. Bai zauna a kan dakalin da ya saba ba.

"Inna ta faɗa mini gaskiya duka," ya ce. "An zalunci mahaifiyarki. Ban zo musu ba."

"To ka ga..."

"Da kin gaya mini a bayan rumbun nan, da na kawo ta garin nan da ƙafarta, ta faɗa a gaban duk wanda kike so."

"Da ba ta zo ba, ka sani."

"Wataƙila. Amma ba ki gwada ni ba, Zuwaira. Kin dube ni kin ce in kwantar da hankalina. Kin sa ni na tsaya gaban duniya na tsiraita uwata da bakina."

"Ni tawa uwar a kabari take!" na ce. "Wa ya tsaya mata? Ko yau aka mayar da ni ranar, abin da zan yi ke nan."

"Na sani. Shi ya sa na zo da kaina, ban aiko ba."

Hawaye suka zubo mini, na kasa tare su. "Ina son ka, mai zumata. Wallahi ban taɓa daina son ka ba, ko a ranar."

"Ni ma haka. Shi ne abin da ya fi ci mini rai." Ya goge ido da bakin rawaninsa. "Jiya na je Tsaskiya. Safiyatu ba ta fita ko rijiya, yaran gari na bin ta da waƙa. Ta ce in gaya miki ta yafe, wai da ita ce aka yi wa uwarta haka, ba ta san abin da za ta yi ba."

Na ɗago da sauri.

"Ita ta yafe," ya ce. "Ni ne na gwada, na kasa."

Ya kwance jakinsa ya kama hanyar Safana. Na tsaya a bakin zaure ina jiran ya waiwayo ko sau ɗaya, har ya sha kwanar masallaci.