Ɗakin da Luba Ta Zaɓa

Ruwan sama ne ya kora Labbo cikin zauren wani gida a Tsafe, da daminar 1997. Fitowarsa ke nan daga kara, kasuwar dabbobi, ya sayar da shanun da ya gada wurin mahaifinsa, idanunsa jawur. A bakin ƙofa ya tarar da wata budurwa tana tarar ruwan indararo.

"Ɗan Fillo, ina shanun?" ta ce cikin tsokana.

"Na sayar."

"Duka? Mi ya yi zafi?"

"Gidan haya zan gina a Gusau. Tun da aka ba mu jiha ma'aikata ke kwararowa daga Sakkwato, wasu a shago suke kwana."

Ta ajiye bokitin. Ashe gidan sana'ar ya faɗo. Luba ce, ɗiyar Malam Hamidu mai gidajen haya a Tsafe, wadda ta tashi tana jin rigimar 'yan haya safe da yamma.

"In ba ka sayi fili ba, saya yanzu da damina, ka ga inda ruwa ke kwanciya. Da rani kowane fili kyakkyawa ne."

Ruwa ya ɗauke, amma Labbo ya kasa tafiya.

Daga ranar motar Bungudu, garinsu Labbo, ta san shi. Ya sauka Gusau ya duba magina, ya zarce Tsafe zance. Wasu masoya hirar turare da atamfa suke, su kuwa hirar bulo da siminti, kuma wallahi daɗinta suke ji.

"Hasken idona, rijiya zan fara ko katanga?"

"Rijiya, Ɗan Fillona. Gidan da ba ruwa ɗan haya ba ya daɗewa. Ka yi bayan gida biyu, a nan faɗan mata ke farawa. Ɗakin bakin titi ka mai da shi shago."

"Sai mi kuma, Lubana?"

Ta daina murmushi. "Kada ka ba ɗan'uwa ɗaki. In za ka taimake shi, biya masa haya a gidan wani. Kuma ka sa wakili tsakaninka da 'yan haya, na san ku da kunya."

Ya yi dariya. "Dangina mutanen ruga ne. Mi za su zo yi birni?"

Duk abin da ta faɗa ya bi, ban da wannan na dangi da wakili.

Da aka buga kwano, ya kai ta ganin gida tare da goggonta Zulai. Luba ta zagaya, ta tsaya a ciki da falon da ke gabas, mai taga babba. Ta shafa bangon ta ce, "Nan za a yi mini jere." Labbo ya sa kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Malam Hamidu ma bai tsawwala ba, ya ce shi dai a nuna masa inda za a ajiye masa ɗiya.

Sai ga Kawu Manu, ƙanen mahaifiyar Labbo, da tabarmarsa da butarsa. Wai kwana biyu zai yi, ya nema wa ɗansa Sani aikin gadi a sakatariya. Kwana biyun nan har yau ba su cika ba. Bayansa ɗan goggo ya zo, sai surukin baffa, sai wata da ko Labbo bai san ta inda suka haɗa jini ba. Kai jama'a! Mutanen da ba su ɗauko ko bulo ɗaya ba, kowa ya zaɓi ɗaki ya rataya labule.

Ƙarshen wata Labbo zai je da niyyar magana. Ya durƙusa ya gai da Kawu, a dama masa fura, a tambaye shi jikin Inna. Ya sha, ya yi godiya, ya fito kansa a ƙasa. Ɗan haya na gaskiya ɗaya ne a gidan, wani ma'aikaci mai suna Mannir, mai babur da albashi. Shi kuma tun ranar ganin gida, da ya zo neman ɗaki, ya ƙyalla ido ya ga Luba, bai yi wata-wata ba ya tura manya Tsafe.

Malam Hamidu ya kira Labbo zaure. "Yaro, gidan da mai shi ba ya iya buɗe baki a ciki ba nasa ba ne. Ka rabu da shanu, ka sayo wa dangi inuwa. Zuwa bayan Sallar Layya, in babu ɗakin jere, Mannir zan ba ɗiyata."

"Akwai ɗaki, Baba. Makullin yana hannuna."

Aka tura Goggo Zulai ta auno ɗakin. Ta tarar da labule sabo, da amarya zaune a tsakar gado da lalle har gwiwar hannu. Salati ta yi ta yi har ta iso Tsafe.

Washegari direban motar Bungudu ya miƙa wa Labbo 'yar takarda.

"Labbo, an ce akwai amarya a ɗakina. Allah ya sanya alheri. Kada ka wahalar da kanka zuwa Tsafe. Luba."

A ranar ya iso Tsafe, ko hula babu.

"Wallahi ba tawa ba ce, matar Sani ce. Ina Bungudu ina jinyar Inna suka ɓalle kwaɗon."

"Da ka je ka ce musu mi?"

"Na ce Allah ya ba da zaman lafiya."

Luba ta fashe da kuka. Da auren ya yi da ta san da wa za ta yi fushi. Amma mutum a ƙwace masa ɗakin amarya ya sa albarka, wannan da wa za a yi?

Saboda hawayen nan Labbo ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya samu Kawu Manu, ya roƙi ɗaki ɗaya a gidan da ya gina. Kawu ya gyara zama.

"Shanun da ka sayar ka gina wanga gida, wa ya kiwata su sa'ad da ubanka ya rasu kana goye? Ni ko Malam Hamidu?"

Labbo ya koma Bungudu wurin mahaifiyarsa. Inna Adama ta juya fuska bango. "In ka fitar da ɗan'uwana titi saboda mace, ban yafe maka nonona ba."

Shi ke nan, an ɗaure shi ba igiya.

Ya je ya durƙusa gaban Malam Hamidu, ya nemi ko ɗaki ɗaya a ba shi haya a Tsafe. Tsohon ya girgiza kai. "In yi kuskuren da ka yi? Suruki ɗa ne. Ba na ba ɗa haya."

Luba na bayan ƙyaure tana ji. Da Labbo ya fita ta shigo ta durƙusa.

"Baba, ka gafarce ni. Mannir a gidan yake, ya ga halin da mai gidansa ke ciki, shi ya sa ya yi saurin turowa. Labbo kuwa wauta ya yi, na sani. Amma wanda ya kasa wulaƙanta kawunsa ba zai wulaƙanta ni ba."

Malam Hamidu ya ajiye carbi. "Ke za ki zauna da shi, ba ni ba. Ya nemo ɗaki ko na wane ne."

Mannir na jin an mayar masa da kayansa ya kwashe komatsansa ya bar gidan cikin fushi. Labbo ya ji labari, ya hau mota da murna, ga ɗaki ya samu. Kafin ya iso wani jikan goggo ya riga ya shimfiɗa tabarma yana jiƙa gari.

A can bayan tasha ya kama ɗaki ɗaya, a gidan wata Hajiya Wasila da ba ta haɗa komai da shi ba. 'Yan jere suka sa gado da kabad, wuri ya ƙare. Sauran kwanoni da kujeru aka mayar Tsafe, Goggo Zulai na tsaki.

Aka ɗaura aure bayan Sallah. Dangi suka cika mota daga gidan Labbo, suka ci tuwo suka ɗebi goro, Kawu Manu ne ma ya karɓi auren. Kwana biyu da tarewa ya zo sa albarka, ya zauna a kujera ɗaya tilo da ɗakin ya ɗauka. Luba ta ja mayafi ta gaishe shi.

"Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ɗakin ya yi ƙanƙanta, amma amarya sai haƙuri." Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya juyo. "Af, Labbo. Kwanon ɗakina yana yoyo. Ka turo kafinta kafin ruwa ya sauka."

"To, Kawu."

Da ƙarar takalminsa ta yi nisa, Labbo ya zauna a bakin gado ya rufe fuska da tafukansa. Luba ta matso ta janye hannuwan, ta share masa ido da bakin mayafinta.

"Lubana, na kawo ki gidan haya."

"Wurinka na zo. Tura kafintan, in gidan ya lalace mu ya lalace wa. Amma wanda za mu gina nan gaba, ni zan riƙe makulli."

Ya yi dariya da hawaye a fuska, ita ma haka.

Allah ya albarkaci auren Labbo da Luba, ya buɗa musu ta inda ba su zata ba. Su Kawu Manu kuwa suna nan a gidan, har sun fara kiwon awaki a tsakar gida. Ni dai ba zan ce Allah ya isa ba, tunda mai gidan bai ce ba.